Tsayuwar Dorkis

Shekara arba'in da ɗaya Dorkis ya yi yana cewa sai baɗi.

Ranar da ya kayar da mutum biyar a kokawar bikin Delos aka miƙa masa reshen dabino, murna ta ɗebe shi, ya ɗaga hannu a gaban jama'a ya yi wa Afolo, abin bautarsu, bakance: zai kafa masa mutum-mutumin kansa na farin dutse a bakin hanyar ɗakin bauta na garinsu, nan tsibirin Naksos. Shekararsa ashirin da ɗaya a lokacin, bakinsa kuwa ya fi hankalinsa gudu. Daga nan aure ya shigo, gonar zaitun ta shigo, 'ya'ya mata huɗu suka zo ɗaya bayan ɗaya har aka aurar da su, kowace shekara da nata uzurin. Afolo dai bai taɓa tayar da maganar ba. Matarsa Nikaso ce ba ta gajiya da tayar da ita.

Wata safiya ta ajiye masa gurasar sha'ir da cuku da ɓaure uku, maimakon ta koma ciki sai ta tsaya a kansa.

"Maigida, an ce Mandron masassaƙi ya sauko da sabon dutse daga kan tudu."

"Na ji."

"An ce ya fi tsayin mutum, kuma babu tsaga ko ɗaya a jikinsa."

"To ai shi ke nan. In mun ga baɗi..."

"Afolo ba ya tsufa," in ji ta. "Kai kana yi. Jiya sau biyu ka zauna kafin ka kai rijiya, ina kallonka ta taga."

Ba rowa ce ta hana Dorkis ba, kada a ɗauki alhakinsa. Kunya ce, kuma irin kunyar da mutum ba ya iya faɗa wa ko matarsa. A wurinmu namiji ya tuɓe ba wani abu ba ne. Tsirara ake kokawa, tsirara ake tsere, tsofaffi suna zaune a inuwa suna gardamar wane ya fi wane kafaɗa. Abin kunyar shi ne ka tuɓe a ga yadda ka yi da jikin da aka ba ka. Dorkis kuwa ya yi teɓa ta gaske, ƙirjin nan da a da 'yan mata ke leƙowa ta katanga don su gani ya sauko ya zauna a kan cikin, ga gwiwar hagu da ta kumbura ta ƙi saɓewa. Rabonsa da filin kokawa shekara goma sha biyar, tun ranar da ya yaye mayafi zai shafa mai, Battos ya dube shi sama da ƙasa ya ce da shi cikin ladabi, "Sannu da ƙoƙari, Dorkis. Yaushe ne watan haihuwar?"

Battos ɗin nan shi ne na biyar da ya kayar a Delos. A faɗuwar ce ya danne wa Dorkis gwiwa ta yi ƙara, ba ta ƙara komawa daidai ba. Da bikin gaba ya zo Dorkis yana gida yana ɗingishi, Battos ya je ya ciyo dabinon, ko wata uku bai yi da dawowa ba ya sa aka kafa nasa mutum-mutumin. Tun daga nan suke abota irin wadda ɗaya ba ya iya wuce ɗaya bai tsokane shi ba. Dorkis ya yi dariya ranar kamar kowa, amma ya ja mayafinsa ya tafi gida, bai sake yaye shi a gaban wani namiji ba. To yanzu a ce ya je ya tsaya zigidir a gaban masassaƙi, a auna shi taƙi-taƙi? Wannan tunanin ne yake mayar da bana baɗi.

Amma maganar rijiyar ta tsaya masa a rai, don gaskiya ce. Bayan ya gama karin kumallo ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan Mandron, yana tafe yana fatan ya tarar ba ya nan.

Yana nan. Tsoho ne shi ma, ƙurar dutse ta mayar da shi fari tun daga gira har yatsun ƙafa. Ya jingine dutsen a tsakar gida yana zana masa layuka da jar ƙasa, gida-gida kamar gurbin dara, a duk fuskokinsa huɗu. Suka gaisa, Dorkis ya yaba dutsen, ya yaba rana, ya tambayi lafiyar awaki, sai da zance ya ƙare masa sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"To madalla," in ji Mandron. "Ubana ya mutu yana jiran wannan aikin."

"Sai dai ina so in ji... yaushe zan zo in tuɓe?"

Mandron ya ajiye jar ƙasar ya dube shi. "Ka tuɓe ka yi mini me? Wanka zan yi maka?"

"Ba sai ka ga jikina ba?"

"Ina ruwana da jikinka? Duba nan." Ya ɗora yatsa a kan layukan. "Kan mutum gida uku. Nan kafaɗa, nan cibiya, nan gwiwa. Ƙafar hagu gaba, nauyi a raba wa ƙafa biyu daidai, hannu a dunƙule a manne da cinya, baki yana murmushi. Haka kakana ya koya wa ubana, an ce awon ma daga Masar aka zo da shi. Ko yau ka mutu zan sassaƙa ka tsaf, kuma ba mai cewa ban yi daidai ba."

Dorkis ya ji kamar an sauke masa buhun gishiri daga ka. Ashe duk shekarun nan tsoron banza yake ji. Ya koma gida har da waƙa, ya ce wa Nikaso an gama magana, ta dube shi da mamaki ta ƙara masa ɓaure biyu.

Bayan kwana shida aka yi ƙaramin bikin da kowane gida ke kai furanni ga mutum-mutumin nasa. Dorkis da Nikaso suka hau hanyar ɗakin bauta don su duba inda za a kafa nasu. Mutum-mutumi goma sha bakwai ne a jere a bakin hanyar, aikin Mandron da na ubansa da na kakansa, dukansu samari, dukansu tsirara, ƙafar hagu gaba, suna murmushi wa teku. Dorkis ya wuce su sau dubu, bai taɓa tsayawa ya kalle su da idon mai shirin shiga sahu ba.

A gaban na huɗu suka tarar da matar Battos. Ta hau kan wani dutse tana miƙa tana rataya masa furanni a wuya, tana goge masa ƙirji da gefen mayafinta.

"Kun gan shi ko?" ta ce. "Har yau in na dubi kafaɗun nan sai in tuna ranar da aka kai ni gidansa. Ba abin da ya canja sai gashi."

Suka taya ta yabo, ta sauko ta tafi. Dorkis yana ɗan taɓa karatu, ko da yake sai ya bi da yatsa. Ya sunkuya ya bi rubutun da ke gindin dutsen, ya sake bi, sannan ya matsa gaba ya duba na biyar, ya duba na shida. Sai ga shi ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye.

"Lafiya?" in ji Nikaso.

"Wannan ba Battos ba ne. Wani mai fataucin gishiri ne, ya mutu tun kafin a haife mu. Battos ga shi can, na shida, ko ganye babu a wuyansa."

Abin da ya faru kuwa kowa zai iya tunawa. Shekara tara da suka wuce ƙasa ta yi girgiza ta tuntsurar da wasu, masu tayar da su suka mayar da kowanne inda ya fi musu sauƙi. Tun daga lokacin matar Battos take yi wa mai gishiri ado. Shi kansa Battos, duk baƙon da ya yi sai ya kawo shi gaban na huɗun nan ya bugi ƙirji ya ce ga shi nan yana saurayi.

"Bari in gan shi," in ji Dorkis yana share ido. "Wannan sai na ajiye ta sai ranar da ta dace."

Nikaso ba ta yi dariya ba. Tana tsaye tana bin sahun da kallo daga farko har ƙarshe.

"Kai ne za ka zama na sha takwas ke nan," ta ce.

"Ni ne mana."

"Ni ban iya karatu ba, maigida. In ka riga ni tafiya, ƙasa ta sake motsawa, wa zan kawo wa furen?"

Ya daina dariya. Ya dubi fuskokin nan goma sha bakwai masu murmushi iri ɗaya, ya ga matarsa ta tsufa ta ranƙwafa tana goge ƙirjin wani baƙo tana kiran sunansa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, fiye da maganar Battos ta watan haihuwa.

Washegari da sassafe ya koma wurin Mandron.

"Ina so in an gan shi a san ni ne."

"Ai za a rubuta sunanka."

"Ba don masu karatu nake so ba."

Mandron ya daɗe yana sosa gemu, ƙura tana zuba. "To in haka ne, abin da kake gudu shi za ka yi. Tuɓe."

Dorkis ya sa aka rufe ƙofar gida, ya leƙa bayan tulin duwatsu ko da wani, ya kori akuya guda da ta tsaya kallo. Sannan ya rufe ido ya saki mayafin. Mandron ya zagaya shi sau biyu kamar mai shirin sayen jaki, ya taɓa kafaɗa, ya latsa haƙarƙari, bai yi dariya ba, bai kuma ce komai a kan cikin ba.

"Tsaya yadda ake tsayawa. Ƙafar hagu gaba. Miƙe. Raba nauyin."

Dorkis ya miƙe ya dunƙule hannu, har da ɗan murmushin. Bai kai ƙirga talatin ba gwiwar ta fara ci masa wuta. Ya daure, gumi ya keto masa. Da Mandron ya juya zai ɗauko jar ƙasa, sai ya saci hutu: ya mayar da nauyinsa duka kan ƙafar dama, ya saki ta hagun ta ɗan lanƙwashe, ya sauke numfashi. Mandron ya juyo ya gan shi a haka. Dorkis ya yi sauri zai gyara.

"Kada ka motsa," in ji Mandron.

"Hutawa kawai na..."

"Na ce kada ka motsa."

Ya sake zagaya shi, wannan karon a hankali, yana magana shi kaɗai. Ƙugun dama ya hau, na hagu ya sauka. Kafaɗa kuma ta yi akasin haka. Ƙashin baya ya ɗan karkata kamar reshen zaitun, kai ya juya dama kaɗan, don kunnen hagun Dorkis ya daɗe da mutuwa a kokawa, da na dama yake sauraron duniya.

"Tun yaushe kake tsayawa haka?"

"Tun Delos. Haka na tsaya aka ba ni dabinon, ƙafar ba ta taku."

Mandron ya zauna a kan wani guntun dutse. "Shekara arba'in ina zuwa filin kokawa ina kallon mutane," ya ce. "Ban taɓa ganin mai rai ya tsaya yadda nake tsayar da nawa ba, sai ka ce an soka musu sanda tun daga ƙeya. Na sani, ubana ma ya sani. Amma wa zai fara? Kowa so yake a yi masa irin na maƙwabcinsa."

"To teɓar fa?" in ji Dorkis a hankali. Ita ce tambayar da ke cinsa.

"Teɓar taka ce, riƙe kayarka. Kitsen sa ake kai wa Afolo, ba na mutum ba. Nama ne ya tsufa, ƙashi yana nan inda ka bar shi. Jikin saurayi zan yi maka, amma a kan ƙashinka, da tsayuwarka." Ya tashi ya jiƙa tsumma a ruwa. "Sai dai ka sani, dutsen ɗaya ne. In ya ɓaci, ko mutane suka ƙi shi, babu wani kamarsa a kan tudun nan sai bayan mun mutu."

Dorkis ya tuna matar Battos a kan dutse tana miƙa. Ya ce a yi. Mandron ya sa tsumman ya goge layukan kakansa tas.

Wata bakwai aka yi ana aikin. Kullum da safe Dorkis zai zo ya tuɓe ya tsaya, guduma tana tashi, ɓarɓashin dutse yana sauka a kansa. Makon farko sai an rufe ƙofa. A wata na biyu ya daina korar akuyar. A na huɗu har yana tsaye zigidir yana cin zaitun yana tofar da ƙwallon, suna musu da Mandron a kan ko a gyara kunnen da ya murƙushe. Dorkis yana so a gyara, Mandron ya ƙi. Murmushin ma ya ƙi sa shi, ya ce bai taɓa ganin wanda gwiwarsa ta karye yana washe baki ba. Da ya ga duk nauyin dutsen zai sauka a idon sawu ɗaya, sai ya bar ɗan kututturen dabino a bayan ƙafar dama ya tallafe ta. Daga ƙarshe ya goge jikin har ya yi santsi, ya shafa wa gashi ja, ido baƙi, ya bi jikin da kakin zuma.

Nikaso ba ta gan shi ba ko sau ɗaya. Ta ce ba ta so, sai ranar da kowa zai gani. Dorkis kuwa, duk da shi ya san abin da ke cikin gidan nan, tsoro bai bar shi ba. Wani lokaci ya dubi dutsen ya ga kansa har gabansa ya faɗi, wani lokaci kuma ya ga kamar wani gurgu ne kawai da ya gaji da jira.

Ranar babban bikin Afolo aka ɗora shi a kan katako, shanu huɗu suka ja shi har bakin hanyar, aka tayar da shi kusa da na sha bakwai, lulluɓe da zane. Gari duka ya fito. Shugaban ɗakin bauta, wani dogon tsoho da bai taɓa yarda da sabon abu ba tun da aka haife shi, ya tsaya a gaba da sandarsa. Shi ne zai karɓa a madadin Afolo, in ya ƙi kuwa sai a mayar da dutse inda aka ɗauko shi. Mandron ya ja zanen.

Kowa ya zuba wa dutsen ido. Sannan ƙananan maganganu suka fara tashi.

"Ya karkace."

"Ko shanun ne suka gurɗa shi a hanya?"

"Bai ma yi murmushi ba. Wa ya ɓata masa rai?"

"Ku ba shi kujera, bawan nan ya gaji."

Aka yi dariya. Dorkis ya ji kunnensa mai rai ya yi zafi. Shugaban ya zagaya dutsen, ya ɗora sandarsa a kan ƙugun ya nuna wa jama'a yadda gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu.

"Abin da za a ba Afolo miƙaƙƙe ake kawowa," ya ce. "Ga goma sha bakwai nan, kowanne ya san a gaban wa yake tsaye. Wannan kuwa, ko dai hannun Mandron ya fara rawa, ko kuma izgili ne. Babu ɗan'adam mai lafiya da aka halitta da ƙugu a karkace haka."

Mandron ya buɗe baki zai yi magana, sai wata murya ta riga shi daga cikin taro. Battos ne, ya kutso gaba da furfurarsa, ya tsaya yana kallon gwiwar hagun dutsen kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata.

"Ranka ya daɗe, wannan aikina ne."

"Aikinka kuma? Kai ka sassaƙa?"

"Ni na karya gwiwar. Ina kwance a ƙasa ina cin rairayi, na ɗaga ido na gan shi tsaye a kaina, haka ɗin nan, yana karɓar dabinon da ya kamata a ce nawa ne. Shekara arba'in da biyu ina ganin wannan tsayuwar a mafarki. Ko a cikin dubu zan gane ta."

"Battos," in ji shugaban, "kai ne ka taɓa gaya mana ka kayar da bijimi da hannu ɗaya. Ba da maganarka zan karɓi kaya ba. Abin da ido ya gani nake so, ni kuwa ban taɓa ganin mutum haka ba."

Dorkis ya dubi jama'ar. Duk wanda ya sani a duniya yana wurin: surukansa huɗu, maƙwabtansa, samarin filin kokawa da jikinsu ke sheƙi da mai. Ya dubi Nikaso. Ita ba jama'a take kallo ba, ba kuma shi ba. Dutsen take kallo, ta sa hannu ta rufe bakinta. Daga ganin haka ya san ta gane, ya kuma san in aka mayar da dutsen nan gida, to ya hana ta abin da ta roƙa saboda kunyar ciki kawai.

Ya miƙa wa Battos sandarsa. Ya taka zuwa gindin mutum-mutumin, ya juyo ya fuskanci gari, ya kwance mayafin ya bar shi ya faɗi.

Ba sai ya yi wani shiri ba, jikin da kansa ya koma inda ya saba. Nauyi ya sauka a dama, gwiwar hagu ta saki, ƙugu ya hau, kafaɗa ta sauka, kai ya juya yana neman magana da kunnen da ke ji. Ga saurayi na dutse a sama, ga tsoho mai teɓa da furfurar ƙirji a ƙasa, amma ko makaho ya shafa zai ce mutum ɗaya ne.

An yi dariya, ba za a ce ba a yi ba. Amma ba irin wadda ya shekara goma sha biyar yana gudu ba ce. Irin wadda ake yi ce in an ga jariri ya ɗebo hancin kakansa. Wata tsohuwa ta ce, "Shi ne kuwa, har kunnen." Samarin kokawa suka matso suna zagaya su biyun, wani yana gwada tsayuwar da nasa jikin.

"Har yanzu dai ba a haihu ba," in ji Battos, amma shi ya fara tafawa.

Mandron ya matsa kusa da shugaban ya ce a hankali, yadda na kusa za su ji, "Ranka ya daɗe, a ɗan duba ƙasa." An daɗe a tsaye cikin rana, tsohon ya gaji bai sani ba, ya mayar da nauyinsa kan ƙafa ɗaya ya saki ɗayar. Ya duba, ya yi wuf ya miƙe. Mutane suka dubi nasu ƙafafun, kusan rabin taron a karkace suke. Shugaban ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce tun da dai an tabbatar ba izgili ba ne, Afolo ya karɓa. Ya yayyafa wa gindin dutsen ruwan inabi, ya ƙara da cewa kada dai abin ya zama al'ada.

Battos ya miƙo wa Dorkis sanda da mayafi. "Gobe ka zo fili. Akwai yaran da ba su san yadda ake kama ƙugu ba, ni kaɗai na gaji da su."

"Zan zo. Amma kafin nan, abokina, ka je ka gai da na shida. Shekara tara yana jiran fure."

"Wane na shida?"

"Nemi mai karatu ya raka ka."

Suka bar shi a nan yana ƙirga duwatsu da yatsa, matarsa tana biye da shi tana tambaya.

Da la'asar suka gangaro gida su biyu, Dorkis da Nikaso, a hankali saboda gwiwar. Mayafin yana kafaɗarsa, ko ɗaura shi bai yi da kyau ba. Sai da suka yi nisa sannan ya yi tambayar da ta tsaya masa tun da aka ja zanen.

"Da kika gan shi, kin yi kewarsa ko?"

"Wa?"

"Yaron. Mai ƙirjin."

Nikaso ta yi tsaki. "Wannan yaron ina na san shi? Rana ɗaya na hango shi a Delos daga bayan mutane, ina ɗage a kan yatsun ƙafa. Ƙirjin ma ban gani ba, kan wani ya tare ni. Abin da na gani shi ne kowa yana ihu, shi kuwa ya tsaya a ƙafa ɗaya yana ɓoye ciwo don kada a ce ya ji. Na ce wa innata wancan nake so." Ta gyara kwandon da ke hannunta. "Haka kake tsayawa kullum a bakin ƙofa in kana jiran in kawo ruwa. Haka ka tsaya ranar da aka tafi da kowace ɗaya cikin 'ya'yanmu. Kai kana ta fama da ciki, ni ban taɓa kallon cikin ba."

Dorkis ya gyara mayafin a kafaɗarsa. Daɗi da kunya suka haɗu suka kama shi.

"Yanzu hankalina ya kwanta," ta ce. "Ƙasa ta yi ta girgizarta, su jera su yadda suka ga dama. Ko ka riga ni, na san inda zan zo in same ka tsaye."

Sun kai daidai rijiya. Ya tsaya, wai zai huta, ya juya mata baya yana kallon teku don kada ta ga idonsa. Ta ajiye kwandon ta jira shi, tana kallon yadda ya mayar da nauyinsa kan ƙafar dama.